Yadda Ake Tantance Binciken Lafiya Idan Yau An Ce Ci, Gobe An Ce Bari

Shekaru da dama hukumomin lafiya na Amurka suna gargaɗin mutane cewa kitsen kolestarol da suke ci a rana kada ya wuce miligiram 300, alhali ƙwai guda ɗaya yana ɗauke da kusan 186. A 2015 sai suka cire wannan iyaka daga shawarwarinsu na abinci. Masu son ƙwai ba su gama murna ba, a 2019 wani bincike da ya bi mutum kusan 30,000 ya fito yana cewa masu yawan cin ƙwai sun ɗan fi kamuwa da ciwon zuciya. To mai karatu ya kama wanne?

Irin wannan ja-in-ja yana kai mutane ɗayan wuri biyu. Wani duk abin da ya shigo wayarsa da taken "masana sun gano" sai ya ɗauka ya yi aiki da shi. Wani kuma ya ce ai likitocin ma ba su san inda suka dosa ba, ya watsar da komai har da maganin hawan jininsa. Duka biyun suna cutuwa. Abin da ya kamata a sani shi ne bincike ba nauyinsa ɗaya ba, kuma sau da yawa bincike biyu da ake ganin sun ci karo, tambayoyi daban suka amsa. Ga yadda za ka bi ka rarrabe, ko da ba ka taɓa shiga ajin likitanci ba.

Mataki na farko: nemo inda maganar ta fito

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kafin komai, nemi abu uku a cikin labarin: su wa suka yi binciken, a wace mujallar likitoci aka buga shi, kuma a wace shekara. Saƙon muryar da ya fara da "wani babban likita a Indiya ya ce", babu sunan likitan babu na asibitin, ba bincike ba ne, jita-jita ce ta sa farar riga. Wanda ya yi wayo a watan Agustan 2014 zai tuna daren da aka riƙa buga wa mutane waya a faɗin Najeriya ana cewa su tashi su yi wanka da ruwan gishiri, su sha, wai maganin Ibola. Aƙalla mutum biyu sun rasu, wasu da dama aka kwantar a asibiti. Babu wanda ya tsaya ya tambayi daga ina.

Idan ka samu sunan binciken, duba ko yana nan da ransa. Mujallu kan janye abin da suka buga idan aka gano maguɗi ko kuskure babba, amma labarin janyewar ba ya yaɗuwa kamar na farko. A 1998 mujallar Lancet ta Ingila ta buga rahoton Andrew Wakefield kan yara 12 kacal, wanda ya alaƙanta allurar rigakafin ƙyanda da larurar galahanga. A 2010 mujallar ta janye rahoton, aka kuma soke lasisin likitan. A 2019 masu bincike a Denmak suka fitar da sakamakon bin yara sama da 650,000, ba su ga wata alaƙa ba. Har yau ana tura tsohon labarin a WhatsApp kamar jiya aka gano shi.

Mataki na biyu: a kan wa aka gwada?

Akwai gwajin da ake yi a cikin kwalba a ɗakin bincike, akwai na ɓeraye, akwai na mutane. Idan ka ji an ce ganye kaza "yana kashe ƙwayoyin kansa", yawanci a kwalba ne. Abubuwa da yawa suna kashe su a kwalba, har da ruwan wankin banɗaki. Tambayar ita ce ko zai yi hakan a jikin mutum ba tare da ya kashe mutumin ba. Zogale abinci ne mai kyau, ina cinsa da ƙuli-ƙuli ina kuma ba da shawarar a ci, amma mafi yawan abin da ake faɗa kan cewa yana sauke suga daga gwajin dabbobi ya fito, na mutanen kuwa ƙanana ne. Wannan bai kai a ajiye maganin asibiti saboda shi ba.

Ko a kan mutane aka yi, tambayi su waye kuma a ina suke. Ga misalin da ya fi kowane nuna yadda bincike biyu za su saɓa kuma kowanne ya yi gaskiya. A 2006 aka buga sakamakon gwaje-gwaje biyu masu kama da juna kan ba ƙananan yara maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe. A ƙasar Nepal ba a ga wata illa ba. A tsibirin Pemba na Tanzaniya kuwa sai da aka dakatar da ba da maganin, domin yaran da suka sha sun fi sauran kwanciya a asibiti ko mutuwa. Bambancin shi ne zazzaɓin cizon sauro: a Pemba ya yi katutu, kuma ƙwayar cutar tana amfana da ƙarfen da ke jini. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa a yankunan sauro a haɗa ba da wannan magani da matakan rigakafi da maganin zazzaɓin. Da uwa a Katsina ko Maraɗi ta karanta na Nepal kaɗai, da ta ɗauki amsar tambayar da ba tata ba.

Haka ma maganin hawan jini. Wani gwaji da Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, kan mutum 728, aka buga a 2019, ya nuna cewa haɗin magunguna mai ɗauke da amlodifin ya fi sauke jinin baƙar fata fiye da haɗin da ba shi. Binciken da aka yi kan mutanenmu, idan ya inganta, ya fi kusa da mu fiye da wanda aka yi a Turai.

Mataki na uku: kallo aka yi ko ƙuri'a?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma wanda ya fahimci wannan mataki ya warware fiye da rabin rikicin.

Binciken lafiya kan mutane iri biyu ne manya. A na farko, masu bincike ba sa taɓa kowa. Suna tambayar dubban mutane abin da suke ci da yadda suke rayuwa, su bi su shekaru, su ga wa ya kamu da me. Kusan duk labaran abinci, har da na ƙwai, daga irin wannan suke fitowa. Matsalarsa ita ce mutumin da ke yawan cin wani abu ba a nan kaɗai ya bambanta da sauran ba. Mai cin kayan lambu kullum wataƙila yana da abin hannu, yana zuwa asibiti da wuri, ba ya shan taba. Idan ya yi tsawon rai, kayan lambun ne ko sauran? Ga kuma matsalar tunawa: a tambaye ka ƙwai nawa ka ci a watanni shidan da suka wuce, me za ka ce?

Gahawa ta sha wannan zargi. A 1991 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa ta cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo kansar mafitsara. A 2016 ta cire ta. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne masu yawan shan gahawa a wancan zamani sun fi yawan shan sigari, laifin taba ya shafi gahawa.

A iri na biyu, ana tara marasa lafiya a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya a ba su maganin, ɗayan a ba su ƙwayar da ba komai a cikinta ko kulawar da aka saba. Ƙuri'ar ce sirrin: tana raba masu kuɗi da talakawa, masu shan taba da marasa sha, daidai a gidajen biyu, ta yadda idan an ga bambanci a ƙarshe maganin ne ya kawo shi. Idan irin wannan gwaji mai girma ya saɓa da binciken kallo, shi ake bi.

An ga haka ƙarara da sinadarin da ke ba karas launinsa. Binciken kallo ya yi ta nuna cewa masu yawansa a jini ba su cika kamuwa da kansar huhu ba, aka fara sayar da shi a ƙwayoyi. Da aka yi gwajin ƙuri'a kan maza masu shan taba sama da 29,000 a Finlan, sakamakon 1994 ya nuna waɗanda suka sha ƙwayar sun fi kamuwa da kansar da kashi 18 cikin ɗari. Karas ba shi da laifi. Ƙwayar ce ba karas ba.

Na kusa-kusa shi ne na korona. A watan Maris 2020 wani likita a Marsai ta Faransa, Didier Raoult, ya fitar da rahoto kan mutum 36 cewa wani ɗan'uwan kulorokwin yana korar cutar. Ba a yi ƙuri'a ba, kuma marasa lafiya shida daga cikin waɗanda aka ba maganin an cire su daga lissafi, cikinsu uku da aka kai ɗakin kulawa ta musamman da ɗaya da ya mutu. Labari ya zagaye duniya, a Legas aka kwantar da mutanen da suka sha kulorokwin fiye da ƙima. A cikin shekarar, gwajin ƙuri'a na asibitocin Birtaniya kan mutum sama da 4,700 ya nuna kashi 27 cikin ɗari na waɗanda aka ba maganin sun mutu, kashi 25 na waɗanda ba a ba ba. A ƙarshen 2024 aka janye rahoton Marsai.

Kada wannan ya sa ka raina binciken kallo gaba ɗaya. Ba za a iya tilasta wa mutane shan sigari shekara talatin don gwaji ba, amma an san tana kawo kansar huhu, domin tana ninka haɗarin sau 15 zuwa 30, kuma an ga hakan a kowace ƙasa da aka duba. Idan tazarar ta yi girma haka, ba sa'a ba ce. Idan kuwa ƙaramar tazara ce irin ta ƙwai, sai a yi hattara.

Mataki na huɗu: mayar da kashi cikin ɗari ya koma mutane

A watan Oktoban 2015 waccan cibiya ta Liyon ta sanar cewa naman da aka sarrafa don ya daɗe, ta hanyar gishiri ko hayaƙi ko sinadarai, yana jawo kansar hanji, kuma cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kashi 18 cikin ɗari. Jaridu suka ce nama ya zama taba. Amma kashi 18 na me? A ƙasashen Turawa, cikin mutum 100 kimanin 5 ne kan kamu da wannan kansa a tsawon rayuwarsu. Ƙarin kashi 18 na biyar ɗin nan shi ne kusan mutum ɗaya: daga 5 zuwa 6, kuma ga masu cinsa kowace rana. Ƙarin gaskiya ne, ya isa mutum ya rage, amma bai kama ƙafar taba ba.

Saboda haka duk lokacin da ka ji "ya ninka" ko "ya ƙaru da kashi kaza", tambayi: cikin mutum ɗari ko dubu, nawa ne ba tare da abin ba, nawa ne tare da shi? Labarin da ya ƙi ba ka wannan lissafi, tsoro yake sayarwa ko magani.

Ka kuma san cewa rukunonin wannan cibiya suna nuna ƙarfin hujja ne, ba girman haɗari ba. A Yulin 2023 ta sa asfatam, abin zaƙin da ake sawa a lemon kwalba marar suga, a rukunin "mai yiwuwa". A rana guda wani kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mai nauyin kilo 70 sai ya wuce gwangwani 9 zuwa 14 a rana kafin ya tsallake iyaka. Ba su saɓa ba. Na farko ya amsa "zai iya?", na biyu ya amsa "nawa?". Wanda ya fi shafarmu ma ba a cika maganarsa ba: a 2016 cibiyar ta ce shan kowane abu da zafinsa ya haura digiri 65 yana iya jawo kansar maƙoshin abinci. Masu kurɓar shayi yana tururi a teburin mai shayi, ku bari ya ɗan huce.

Mataki na biyar: me aka auna, nawa aka sha, tsawon wane lokaci?

Zoɓo yana sauke hawan jini? Akwai hujja. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka suka buga gwajin ƙuri'a kan mutum 65 da jininsu ya ɗan hau kuma ba sa shan magani. Kofi uku a rana, mako shida, lambar sama ta awon jini ta sauka da kusan maki 7, ta waɗanda suka sha na bogi da maki ɗaya da ɗoriya. Yanzu karanta shi da kyau. Mutanen kaɗan ne, hawan jininsu bai yi tsanani ba, mako shida kawai, kuma lamba aka auna, ba wanda ya ƙirga shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa. Wanda jininsa ke 180 ya sauke maki 7 yana nan cikin haɗari. Kuma zoɓon da aka dafa a gwajin ba irin na leda ba ne da aka cika wa suga.

Mataki na shida: wa ya biya, wa zai ci riba?

A 1967 wasu malaman Jami'ar Harvard suka buga nazarin da ya wanke suga ya ɗora laifin ciwon zuciya kan kitse. Sai a 2016 aka bankaɗo takardun da suka nuna ƙungiyar kamfanonin suga ta biya su kimanin dala 6,500. A yau mujallu masu mutunci suna tilasta a bayyana wanda ya ba da kuɗin, yawanci a ƙarshen rahoton. Duba wurin. Kuɗin kamfani bai sa bincike ya zama ƙarya ba, amma yana sa a jira wasu da ba su ci kuɗin ba su maimaita.

Mu a nan ba sai an koya mana zargi ba, ruwa ba ya tsami banza. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara 200 lokacin annobar sanƙarau a Kano a 1996, inda 11 suka rasu, ya bar tabon da ya taimaka wajen dakatar da rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin da nake ja da shi shi ne zargin da ke kallon gefe guda. Wanda ke tuhumar kamfanin Turai amma ya amince da mai lasifika a tasha da ke sayar da gora ɗaya ta basir da suga da hawan jini da sanyi, bai gama aikinsa ba. Shi ma kasuwa yake ci. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, a jikin yawancin magungunan gargajiya tana nufin an duba ba a ga guba ba. Karanta ƙananan rubutun, za ka ga an ce hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Mataki na bakwai: dubi buhun, ba tafin hannu ba

Mai sayen hatsi ba ya yanke hukunci da abin da aka ɗebo masa daga saman buhu. Bincike ɗaya, komai kyansa, ɗiba ɗaya ne. Nemi nazarin da ya tattara duk gwaje-gwajen da aka yi kan batun ya auna su tare. Ƙungiyar Cochrane, wadda aka kafa a 1993, wannan ne aikinta, kuma tana rubuta taƙaitaccen bayani cikin sauƙaƙan kalmomi. Sannan ka duba matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatar lafiya ta ƙasarku. Idan sun yi shiru kan sabon "gagarumin ganowa", yawanci hujjar ce ba ta nuna ba.

Idan shawara ta canja, tambayi dalili kafin ka ce an yi ƙarya. Wani lokaci sabon sani ne. An daɗe ana ɗora gyambon ciki kan damuwa da yaji, mu kuma kan yunwa, har Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka nuna ƙwayar cuta ce ke jawo mafi yawansa. Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984, suka karɓi kyautar Nobel a 2005. Sauran gyambon kuma galibi daga magungunan ciwon jiki ne irin waɗanda ake haɗa wa mutane a kemis. Wani lokacin kuma duniyar ce ta canja. Kulorokwin ya yi aiki shekaru, sai ƙwayar zazzaɓin ta daina jinsa, Najeriya ta koma haɗin atemisinin a 2005. Likitan da ya ba mahaifinka kulorokwin da wanda ya hana ka shi, kowanne ya yi daidai a zamaninsa.

Mataki na takwas: yanke abin da za ka yi

Auna abin da za ka yi asara idan labarin ƙarya ne. Idan an ce rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya har da na dunƙule, ko a bar shayi ya huce, ko a yi tafiyar ƙafa, gwadawa ba ta cin komai, yi kawai. Idan kuwa labarin yana neman ka daina magani, ka ƙi rigakafi, ka kashe kuɗi mai yawa, ko ka ba jariri ko mai ciki wani abu, to hujjar da za ta motsa ka sai ta tsallake duk matakan da suka gabata.

Kai saƙon wurin likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani, a wayarka yadda ya zo. Asibitocinmu layi ne mai tsawo kuma likita ba shi da lokaci, don haka shirya tambayoyinka tun daga gida: "Likita, wannan ya shafi mai irin larurata? Idan na haɗa shi da maganin da nake sha akwai matsala? Wace alama zan gani in dawo?" Faɗa masa duk saiwa da tsimi da garin da kake sha, kada ka ji kunya, domin wasu suna ƙara wa magani ƙarfi wasu suna kashe shi. Idan ka ƙuduri gwada zoɓo ko zogale, ci gaba da maganinka, ka riƙa auna jini ko suga a lokaci ɗaya kullum kana rubutawa a takarda da kwanan wata, ka kai masa takardar ranar da za ka koma. Idan lambobin sun sauka sun zauna, shi zai rage maka maganin, da ma'auni.